Kujerar Hafsa da Bakin Ruwa: Yaushe Naci Yake Zama Laifi?

Mu Hausawa mutane ne masu yabon naci. Tun muna yara ake gaya mana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya sake zama, ya kuma faɗi ya sake, in ya ci a karo na uku ba mai tuna masa da na farko da na biyu. Wannan ba laifi. Amma akwai wani irin naci da nake so mu zauna mu duba tare, wato nacin mutumin da aka ba shugabanci, ya gwada abu ya ƙi, ya ce lalle sai an sake, alhali kuwa ba da jikinsa ake gwajin ba, da jikin 'ya'yan mutane ake yi. Shin wannan ma haƙuri ne? In ba haƙuri ba ne, a daidai ina ya sauya suna?

Babu inda tambayar nan take fitowa ƙuru-ƙuru kamar fagen yaƙi, musamman yaƙin da ake ɗiban mayaƙa a jirage, a ƙetare ruwa da su, a sauke su a gaban abokan gaba. Amma kafin mu isa bakin ruwa, bari in fara da wani abu da mai karatu zai ga kamar bai shafi zancen ba, wato kujera.

A ƙarni na 18 da na 19, in hafsan Ingila zai tafi yaƙi ko aikin mulki a Indiya ko Afirka, ba ya yarda ya rabu da jin daɗin gidansu. Saboda haka kafintocin ƙasarsu suka ƙware wajen ƙera wasu irin kayan ɗaki da ake wargazawa, a naɗe, a ɗaure, a ɗauka. Akwai akwatin tufafi mai aljihuna wanda yake rabuwa gida biyu don ya ɗauku. An ɗaure kusurwoyinsa da tagulla kada su farfashe, an nutsar da mariƙansa cikin katako kada su sarƙe da igiya, ƙafafunsa kuma kwance su ake yi a jefa a aljihu. Akwai teburin rubutu mai naɗewa, da gadon tamfol, da bahon wanka na tamfol, har da akwatin jera kwalabe. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce kujerar Rurki, wadda ta ci sunan wani gari a arewacin Indiya inda injiniyoyin soja suke da mazauni, ta kuma bazu a ƙarshen ƙarni na 19. Ba ƙusa a jikinta, ba gam. Sanduna ne ake zurawa a ramukan ƙafafunta, tamfol da maɗaurin fata su riƙe su, don haka ko a kan kunya aka girka ta sai ta ɗan karkata ta zauna daram. Kantin Army and Navy na Landan, wanda aka kafa a 1871, ya daɗe yana sayar wa hafsoshi irin waɗannan kaya. Shi kansa Nafoliyon na Faransa a kan gadon ƙarfe mai naɗewa ya cika a tsibirin Santa Helena a 1821.

Mu a ƙasar Kano ba labari muka ji ba. Lokacin da Kanar Morland ya taso daga Zariya ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojinsa ba su kai dubu ba, yawancinsu kuma baƙar fata ne, Hausawa da dama a ciki. Amma a bayansu akwai jerin 'yan alaro ɗauke da harsashi da abinci da gadajen Turawa da kujerunsu. Bayan an ci ƙasa kuma sai kayan yaƙi suka zama kayan rangadi. In Di'o zai fito duba haraji a ƙauyuka irin na ƙasar Tofa, inda gona take manne da gona, sai an sa dagaci ya tara majiya ƙarfi, ko da kuwa ana tsakiyar noman farko. Nauyin da aka ƙayyade wa mutum guda laba 60 ne. Mutum ya ajiye fartanya ya naɗa gammo, ya ɗauki teburin da za a zauna a kansa a rubuta kuɗin da za a karɓa daga hannunsa. A isa bariki, boyi ya kwance kaya, kafin rana ta faɗi Bature yana zaune a kujerarsa kamar a can aka haife shi.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe game da kujerar nan. Na farko, mai ɗaukarta daban, mai zama a kanta daban. Na biyu, wanda ya ƙera ta ya ƙera ta ne da tunanin tashi: ya san wuri yana iya ƙin mai gidansa, don haka ya tanadar masa hanyar naɗewa ya bar wurin cikin ɗan lokaci. To, mu tafi bakin ruwa mu ga ko an tanadar wa sojan da aka sauke a gaɓa irin wannan hanya.

A farkon 1915, Yaƙin Duniya na Farko ya cije a Faransa, kowa ya shige rami ba mai iya ture wani. Sai wasu manyan Ingila, Cocil a gaba, wanda a lokacin shi ne ministan sojan ruwa, suka kawo shawarar a bi ta mashigin ruwan Dardanil a kai ga Santambul, a fitar da Daular Turkawa daga yaƙin, a buɗe wa Rasha hanyar teku. A kan taswira shawara ce mai ban sha'awa. Ranar 18 ga Maris 1915 jiragen yaƙin Ingila da Faransa suka kutsa mashigin, sai suka taka nakiyoyin da wani ƙaramin jirgin Turkawa mai suna Nusret ya shuka da dare. Manyan jirage 3 suka nutse a wuni guda, ɗaya daga ciki, na Faransa, ya tafi da mutum fiye da 600 cikin 'yan mintoci. Aka ce to, tun da jirgi bai iya ba, a sauke sojan ƙasa a zirin Galifoli. Amma sai da aka yi mako biyar ana shiri, Turkawa kuwa suna kallo suna haƙa ramuka suna shimfiɗa waya mai ƙaya.

Ranar 25 ga Afrilu aka sauke sojoji: Ingilishi, da 'yan Ostireliya da Niyuzilan, da Faransawa waɗanda a cikinsu akwai baƙaƙen sojoji daga Afirka ta Yamma, Indiyawa ma suka biyo baya. A wata gaɓa an cusa sojoji cikin wani tsohon jirgin ɗaukar gawayi, aka kifa hancinsa a yashi, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya bindiga mai ruwa tana tsince su. Babban kwamandan, Janar Hamilton, yana cikin wani ƙaton jirgin yaƙi a kan teku yana hange. A daren nan manyan hafsoshin da suke tare da 'yan Ostireliya suka aiko masa cewa a duba yiwuwar kwashe mutane, aka tashe shi daga barci, ya amsa da cewa su haƙa rami su zauna. A gabansu kuwa akwai wani hafsan Turkawa da duniya ba ta san shi ba tukuna, Mustafa Kamal, wanda ya riga su hawa tuddai.

Daga nan sai naci. Akwai wani ƙauye mai suna Kirtiya da aka yi niyyar kamawa tun ranar farko. Aka kai masa hari ranar 28 ga Afrilu, bai yiwu ba. Aka sake daga 6 zuwa 8 ga Mayu, da rana tsaka, ta fili guda, bai yiwu ba. Aka kuma sakewa ranar 4 ga Yuni. Hamilton ya mayar da mazauninsa tsibirin Imburos, da tantinsa da teburinsa, teku a tsakaninsa da ƙudaje da atini da warin gawa. A watan Agusta aka kawo sababbin rundunoni aka sauke su a Subla ƙarƙashin wani tsohon janar mai suna Stopford, wanda ya kwana a jirgi, mutanensa suna zaune a gaɓa ba umarni, har Turkawa suka iso suka cika tuddan da da farko kusan ba kowa a kansu.

A watan Oktoba aka tambayi Hamilton batun janyewa, ya ce za a iya rasa rabin rundunar. Aka cire shi aka kawo Janar Monro, wanda ya zagaya ya duba da idonsa, ya ce a kwashe mutane, Cocil kuwa bai yafe masa ba, har ya yi masa ba'a a rubuce daga baya. Aka kwashe su da dare kaɗan-kaɗan, ana barin bindigogi da aka haɗa da gwangwanin ruwa mai ɗiga don su riƙa tashi da kansu. An gama da Subla da gaɓar 'yan Ostireliya ranar 20 ga Disamba, saura kuma ranar 9 ga Janairu 1916, kusan ba a rasa kowa ba. Kowane ɓangare ya yi asarar mutum wajen 250,000 tsakanin matattu da masu rauni da marasa lafiya, matattun ɓangarorin biyu sun haura 100,000. A duk watanni takwas da 'yan kai ɗin nan, abin da aka tsara da kyau aka kuma aikata da kyau shi ne gudun.

Mai karatu zai ce wannan ai na Turawa ne, su suka jiyo. To, mu dawo gida, ga wanda zancensa ya fi yi mana nauyi a baki.

A watan Agusta 1967 sojojin Biyafara suka ƙetare Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma har suka kai Ore. Cikin gaggawa aka harhaɗa Runduna ta Biyu aka danƙa wa Kanar Murtala Muhammed, ɗan Kano, yana da shekara 28. Ya kore su da saurin da ya ba kowa mamaki, ya karɓi Benin a watan Satumba, a farkon Oktoba ya isa Asaba. A garin nan ne, ranar 7 ga wata, sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan maza farar hula, abin da bai kamata ɗalibi ya karanta tarihin yaƙin basasa ya tsallake shi ba. 'Yan Biyafara sun riga sun karya gadar Kwara, wadda ba a fi shekara biyu da gama ta ba. Daga Asaba ana hangen Anaca da babbar kasuwarta a ɗaya gaɓar. Amma mu Kanawa mu muka ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Hedikwatar soja a Ikko ta ba da shawarar kada a ƙetare a nan. A hau arewa zuwa Ida, inda ba mai tsare gaɓa, a ƙetare lafiya, a gangaro wa Anaca ta ƙasa. Wasu daga cikin hafsoshinsa ma, irin su Akinrinade, ba su goyi bayan ƙetarewar kai-tsaye ba. Murtala ya zaɓi gaba-da-gaba. A karo na farko, cikin watan Oktoba, sojoji suka sauka har suka shiga gari, amma maimakon su kafa daga sai da yawansu suka shagala da kasuwa, kasuwar ta kama da wuta, taimakon da ake jira daga Asaba bai iso ba, 'yan Biyafara suka yi musu ƙawanya. Ga wuta a gaba, ga Kwara a baya. Aka sake a karo na biyu. Aka kuma sakewa a karo na uku, mutanen ɗaya gaɓar kuwa sun riga sun san hanya, sun saita bindigoginsu suna jiran jirage a tsakiyar ruwa. Ɗaruruwa bisa ɗaruruwa suka halaka, wasu da harsashi, wasu ruwa ya ci su. Daga ƙarshe aka bi ta Ida ɗin da aka faɗa tun farko, aka shiga Anaca ranar 21 ga Maris 1968.

Su waye a cikin jiragen nan? Sojan Nijeriya da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kumbura ya kai wajen 250,000 a 1970, wato yawancin masu kaki kurata ne da aka horar cikin 'yan makonni. Mu ƙaddara yaro ne daga ƙauye irin namu na Tofa, wanda babban ruwan da ya taɓa gani shi ne Watari in ta kawo da damina, ko kududdufin bayan gari. An sa masa takalmin soja mai nauyi, an rataya masa bindiga da jigidar harsashi, an ce shiga jirgi. Ba a tambaye shi ko ya iya iyo ba. Ba shi da bakin cewa a'a, domin a soja ƙin umarni a fagen fama laifi ne mai kai mutum ga hukuncin kisa. Amanarsa duka tana hannun mai zama gaban taswira.

Na san abin da Murtala yake a zukatanmu. Mulkinsa na kwana 200, daga 29 ga Yuli 1975 zuwa safiyar 13 ga Fabrairu 1976 da aka harbe shi a Ikko, ya bar mana jihohi 19 da shawarar Abuja da wani irin kwarjini da har yanzu ake begensa. Kuma ba wanda ya taɓa zarginsa da tsoro. Dalilin da ya sa na kawo shi ke nan. Da matsoraci ne, da zancen ya zo da sauƙi, sai mu ce ragon hafsa ne ya ɓuya a kujera ya tura talakawa. Amma halin da ya sa ya kori 'yan Biyafara daga Ore zuwa Asaba, ya kuma girgiza ƙasar nan a 1975, wato yanke shawara nan take da ƙin sauraron masu jan ƙafa, shi ne dai halin da ya cika jirage sau uku. Ba za mu karɓi rabin mutum mu ƙi duban ɗaya rabin ba.

Ga yadda nake ganin al'amarin. Harin farko, ko a Galifoli ko a Anaca, kuskuren lissafi ne, kuma ba shugaban da ya fi ƙarfin wannan. Yaƙi caca ce da ake yi cikin duhu. Manomin Tofa ma yakan yi binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwa ya zo da kyau ya riga kowa cin sabon gero, in yayyafi aka yi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone. Ba mai kiransa mahaukaci. Amma a lura da abu biyu. Irinsa ne, daga rumbunsa ya ɗebo, in ya ƙone shi da iyalinsa za su ji a jikinsu. Sa'an nan in ya ƙone, ba ya komawa washegari ya zuba sauran a cikin ƙurar nan don kada maƙwabta su yi masa dariya. Yakan jira ƙasa ta jiƙu.

Hari na biyu da na uku su ne wurin tuhuma. Tambayar da za a yi wa mai sakewa guda ce: me ya sauya tsakanin jiya da yau? In ya samo sabuwar hanya, ko ya gano inda abokin gaba yake da rauni, ko ya gyara abin da ya ɓaci, to nacinsa naci ne na mai hankali. Turawan Ingila da Kanada sun sha kashi a gaɓar Diyef ta Faransa a 1942, ba su komo ba sai 1944, a wani wuri daban, da shiri daban, suka kuwa yi nasara. Amma in abin da ya sauya kawai shi ne an ƙaro mutane, abokin gaba kuma ya ƙara shiri, to ba garin ake nema ba kuma. Abin da ake nema shi ne kada a ce wane ya kasa. Daga wannan lokaci jinin da ake zubarwa kuɗin fansar sunan mutum guda ne, kuma ba wanda ya ba da ɗansa soja don wannan.

Akwai wata dabara da zuciya take yi wa shugaba a nan, kuma tana zuwa da rigar tausayi. Sai ya ce, ya za a yi mu janye bayan mun rasa mutum kaza, ai sun mutu a banza ke nan. An faɗi haka a Landan a 1915. Amma matattun jiya ba sa amfana da matattun gobe. Wanda ya faɗi haka, in ya bincika da kyau, zai tarar ba mamatan yake karewa ba, shawararsa yake karewa, domin ranar da aka janye ita ce ranar da za a yi lissafi a tambayi wanda ya kawo ta.

To, ina laifin kujera a ciki? A nan sai mu yi adalci. Dole kwamanda ya zauna inda zai ga taswira, saƙo ya same shi. Wanda ya shiga jirgin farko ba ya iya juya runduna. Kuma kasancewa a gaba ba ya wanke mutum. Tarihin Musulunci ya adana mana labarin Yaƙin Gada a shekara ta 13 bayan Hijira, wato 634, a bakin kogin Furatu. Farisawa suka aiko wa Abu Ubaidu Assaƙafi cewa ko ya ƙetaro ko su ƙetaro. Salitu ɗan Ƙaisu da wasu masu ra'ayi suka ce kada ya ƙetare, ya bar sahara a bayansa inda akwai wurin ja da baya. Ya ƙi, don kada a ce Farisawa sun fi su rashin tsoron mutuwa, har ya jefi Salitu da tsoro. Ya ƙetare, shi ne a gaba, giwa ta tattake shi. Wani daga cikin mutanensa ya datse gadar wai don kada kowa ya gudu, sai jama'a suka riƙa faɗawa ruwa. Masu tarihi sun ce wajen mutum 4,000 suka tafi, Salitu a cikinsu. Musanna ɗan Harisa ne ya tsaya da 'yan kaɗan har aka gyara gadar sauran suka tsira. Abu Ubaidu ya biya da ransa, Allah Ya jiƙansa, amma ransa guda ne.

Saboda haka kujera ba ita ce mai laifi ba. Abin da take yi shi ne ta kashe jiki, jiki kuwa shi ne magayi. Mai zama a tanti a Imburos yana karɓar matattu ne a takarda, lamba a kan layi, kuma lamba ba ta wari. Jarumi irin Abu Ubaidu shi kuma tasa cutar daban ce: tun da ya raina mutuwarsa, sai ya ɗauka yana da izinin raina ta wasu. Hanya biyu ce ta kai su gida ɗaya, inda duk wanda ya ce a dakata ake kiransa matsoraci. A labaran nan uku ba a rasa mai faɗin gaskiya ba tun kafin a shiga ruwa ko bayan karo na farko. Kunnen jinta aka rasa.

Wani ɗan'uwa mai son gardama zai ce, da hari na uku ya yi nasara fa? Da yanzu ana koyar da shi a makarantar hafsoshi ta Jaji, kai kuma kana cikin masu tafi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa mutane da sakamako suke hukunci. Amma in muka yarda da ita, mun mayar da kirki da mugunta hannun sa'a. Direbobi biyu suka yi tseren ganganci a hanyar Gwarzo da mota cike da fasinja, ɗaya ya isa lafiya, ɗaya ya kife. A kotu hukuncinsu daban, amma abin da suka aikata guda ne, kuma ba uwar da za ta sa ɗanta a motar na farkon in ta san yadda ya tuƙa. Ana auna shugaba da abin da ya sani sa'ad da ya ba da umarni. Wanda ya ga jirage sun ƙone jiya, ya cika wasu yau ta hanyar nan, ya riga ya ɗauki alhaki ko da iska ta kaɗa ta fid da shi.

Bari in ɗan ratse. A muhawarorinmu na ɗalibai ana yawan kawo labarin Ɗariƙu ɗan Ziyadu, wai da ya ƙetare zuwa Andalus a 711 sai ya ƙone jiragensa don kada mayaƙansa su yi tunanin komawa, a yi ta kabbara. Marubutan farko da suka ba da labarin cin Andalus ba su ambaci ƙona jirage ba, sai bayan ƙarnoni labarin ya ɓulla. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ƙaunarsa. Muna son shugaban da ya toshe wa mabiyansa ƙofar baya, alhali wanda ya datse gadar Furatu abin da ya yi ke nan, mun kuwa ga inda aka kwana. Khalidu ɗan Walidu, wanda ba a haifi mai kiransa rago ba, janye runduna ya yi a Mu'uta a shekara ta 8, mutanen Madina suka tarye su da watsa ƙasa suna kiransu magudana, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kare su. Halifa Umaru ma da waɗanda suka tsere daga Yaƙin Gada suka iso Madina cike da kunya, rarrashinsu ya yi. Kakanninmu sun san wannan, su da suka ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kada mu ɗauka zancen na masu kaki ne kaɗai. Mafi yawanmu ba za mu taɓa ba da umarnin harbi ba, amma daga cikin masu karanta mujallar nan za a sami shugabannin makarantu da manyan sakatarori da kwamishinoni. Za a kawo musu fayil na aikin da ya riga ya ci kuɗi ya ƙi, ga sa hannunsu a shafin farko, ga ƙaramin ma'aikaci yana raɗa cewa ranka ya daɗe abin nan ba zai yiwu ba. Ko shugaban ƙungiyar ɗalibai da ya fitar da jama'a titi jiya aka fasa musu kai, yau yana tunanin sake fitar da su don kada a ce ya karaya, a bakin Kwara yake tsaye.

Kayan hafsoshin nan kuwa sun yi tsawon rai fiye da masu su. Yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, ya nuna wa Ingilishi cewa rundunar da take jan akwatuna ba ta kama mahayin da ba ya ɗauke da komai sai bindiga, daga nan aka fara rage su, mota kuma ta zo ta ƙarasa. A 1933 wani maƙerin kujeru ɗan Denmak, Kaare Klint, ya kwaikwayi kujerar Rurki ya fitar da ita don falon masu hali. Yau tsofaffin akwatunan masu kusurwar tagulla ana gwanjonsu a Turai da tsada, sau da yawa da sunan hafsan da muƙaminsa a rubuce a jiki, mai saye ya san a wace runduna ya yi aiki. Sunan wanda ya ɗauko akwatin a ka daga Zariya zuwa Kano ba ya jikin komai.

Shi ya sa nake kira ga Ƙungiyarmu da ta yi wani ɗan aiki tun lokaci bai ƙure ba. Saurayin da ya shiga soja yana da shekara 20 a 1967 yanzu yana bakin 80. Akwai irinsu a ƙauyukan Tofa da Dawakin Tofa da Rimin Gado, da unguwannin da suke kewaye da barikin Janguza, wasu har yanzu akwatin ƙarfensu na soja yana ƙarƙashin gado. Hutu mai zuwa a raba mu biyu-biyu, a nemi izinin masu unguwanni, a je da na'urar ɗaukar magana, a gaishe su da ladabi, a tambaye su a wace runduna suka yi, wa ya ba su umarni, me suka gani a bakin ruwa, su waye suka shiga jirgi tare ba su dawo ba. A rubuta sunayen da Hausa yadda suka faɗe su, da sunan uba da na ƙauye, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na Sashe.